Jan ɗigon saitin bindiga: Abin da ya kamata maharbi ya sani kafin ya zuba kuɗinsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan Sallah ya san yadda 'yan bindiga ke sanar da fitowar Sarki. Tun kafin a hango laima, ƙara ta girgiza ƙasa, hayaƙin albarushi ya turnuƙe, dawaki na ta zabura. Bindigogin wannan rana ba a auna komai da su. A ɗura albarushi, a danne shi da tsumma, a ɗaga baki sama, a ja kunama, shi ke nan.

Maharbin da ke fita ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kona bayan an kawar da amfanin gona, lamarinsa daban ne. Sau da yawa harbi ɗaya ne gare shi. In ya kuskure, nama ya tafi. In ya samu dabba a inda bai dace ba, ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahale cikin sarƙaƙiya. Mafi muni, in harbin ya bi wata hanya, yana iya faɗawa kan mai itace ko makiyayin da ba a san yana wurin ba.

Saboda haka maganar saiti babbar magana ce a wajen masu wannan sana'a. Yanzu kuma wayar hannu ta shigo da sabon abu cikin zancen: ɗan madubin nan da ake ɗorawa a bayan bindiga, wanda in an leƙa ta cikinsa ake ganin jan ɗigo a kan abin da ake auna. Matasa sun san shi a wasannin PUBG da Call of Duty, ana ganinsa a finafinan yaƙi da bidiyoyin TikTok, shagunan intanet kuma na tallarsa kan farashi iri-iri. Shin yana da amfani ga maharbinmu? Yaya ake gane nagari? Me doka ta ce?

Daga bindigar toka zuwa madubi

Bindiga ba baƙuwa ba ce a birnin Zariya. Masanin nan M.G. Smith, a littafinsa kan mulkin Zazzau da ya fito a 1960, ya yi bayanin yadda rundunar 'yan bindiga ta samu ƙarfi a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Sarki Yero da ɗansa Kwasau, wanda Turawa suka tuɓe bayan shigowarsu. Daga baya, a 1924, aka kafa Daffon horar da kuratan soja a Zariya, inda har gobe ake koya wa sababbin sojoji harbi.

A duk tsawon wannan lokaci, saitin da aka sani shi ne na ƙarfe: ɗan tsini a bakin bindiga da tsaga a baya. Mai harbi zai jera tsagar da tsinin da abin harbi a layi ɗaya. A nan matsalar take, domin ido ba ya iya ganin abu uku masu nisa daban-daban tar a lokaci guda. In ya kafe kan tsinin, abin harbi ya yi dishi-dishi. In ya kafe kan abin harbi, ƙarafan su dusashe. Idon saurayi na saurin tsalle tsakaninsu, amma daga shekara 40 zuwa sama ganin kusa kan fara raguwa. Dalilin da ke sa dattijo ya nesanta takarda kafin ya karanta, shi ne ke sa tsohon maharbi, wanda ya fi kowa sanin daji, ya fara kuskure harbin da a da ba ya kuskurewa.

Wani maƙerin madubin hangen taurari a birnin Dublin na ƙasar Ailan, Howard Grubb, shi ya fito da dabarar magance wannan a 1900. An yi amfani da irinta sosai a jiragen yaƙi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sai a 1975 kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin ya fitar da mai aiki da batir da ɗan ƙwan lantarki, wanda shi ne kakan duk waɗanda ake gani yau. A 1997 rundunar sojin Amurka ta ba kamfanin kwangilar samar wa dakarunta, daga nan abin ya bazu.

Yadda yake aiki

A cikin na'urar akwai ɗan ƙwan LED da ke jefa jan haske kan gilashi mai ɗan lanƙwasa. An shafa wa gilashin wani sinadari da ke mayar da jan hasken zuwa ido, yana barin sauran haske ya wuce. Sai ido ya ga ɗigon kamar yana can nesa, a jikin abin da ake kallo. Maimakon abu uku, mai harbi ya koma kallon abu ɗaya, kuma idanunsa biyu a buɗe, yana ganin abin da ke motsi a gefe.

Akwai abu biyu da mutane ke yawan ruɗewa a kansu. Na farko, wannan ba leza ba ce. Babu hasken da ke sauka a jikin dabba, mai leƙawa kaɗai ke ganin ɗigon. Na biyu, ba ya jawo nesa kusa. Yadda ido ke ganin abu, haka zai gan shi ta cikin gilashin. Wanda ba ya iya bambance gada da akuya a tazarar mita 60 da idonsa, ba zai bambance su ta cikin wannan madubi ba.

Tambayar farko: wace irin bindiga?

Bindigar raifil tana da zane mai murɗa a cikin bututunta, wanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa, ya riƙa sauka kusan wuri guda a kowane harbi. Irin wannan ce ke cin moriyar jan ɗigo sosai.

Bindigar toka ko harba-ka-ruga da maƙeranmu ke ƙerawa cikinta sumul yake. Yawan albarushin yau ba shi ne na gobe ba, haka ma girman dalma ko guntayen ƙarfen da aka ɗura. Harbi biyu a jere ba sa sauka wuri ɗaya, don haka babu wurin da za a daidaita ɗigon a kai. Ɗora mata madubi mai tsada kamar ɗaura wa jaki sirdin azurfa ne. Ga kuma haɗari: waɗannan na'urori a kan wani dogo mai tsaga-tsaga ake kafa su, wanda aka fi sani da Picatinny, kuma bindigar gida ba ta da shi. Huda bututu ko yi masa walda don a samar da wurin kafawa na raunana ƙarfen, bututun da ya raunana kuwa a fuskar mai shi yake fashewa.

Sai bindiga mai baki ɗaya ko biyu, mai harsashin da ke watsa 'ya'ya, wadda ita ce akasarin masu lasisin farauta ke riƙewa. Amfaninta bai cika wuce mita 30 zuwa 40 ba. Ga mai harbin fakara ko zabuwar daji a sama, ɗan ƙullin ƙarfen da ke bakinta ya wadatar, domin hannu da ido ne ke bin tsuntsu. Ga mai harbin abin da ke tsaye, musamman wanda ganin kusa ya fara yi masa wuya, jan ɗigo na iya taimakawa.

Girman ɗigo

A jikin kwali za a ga an rubuta 2 MOA ko 3 MOA ko 6 MOA. Ma'auni ne na girman ɗigon. MOA ɗaya na rufe kusan santimita 3 a tazarar mita 100. Ke nan ɗigo mai lamba 2 zai rufe kusan santimita 6, kamar bakin kofin shayi, mai lamba 6 kuma kusan santimita 17, kamar ƙaramin faranti.

A tazarar mita 30, wannan babban ɗigo kusan santimita 5 ne kawai, don haka ba ya ɓoye zomo, ido kuma na saurin kama shi. Ƙaramin ɗigo ya fi dacewa da harbin nesa da ke bukatar natsuwa. Mai saye ya fara tambayar kansa a wace tazara ya saba harbi, amsar ita za ta zaɓa masa lamba.

Ƙurar hunturu da zafin bazara

Lokacin farauta a ƙasar Zazzau shi ne lokacin ƙura. Na'urorin nan kashi biyu ne. Akwai buɗaɗɗe, mai gilashi ɗaya a tsaye, ƙwan haskensa a waje. Ba shi da nauyi, amma ƙwayar yashi ɗaya ko ɗigon ruwa in ya zauna kan ƙwan, ɗigon ya tarwatse ko ya ɓace. Akwai kuma rufaffe mai siffar gwangwani, wanda komai ke ciki, in ya yi ƙura a goge gilashin waje a ci gaba. Ga wanda zai yi tafiyar awa biyu a kan babur cikin hunturu, rufaffen ne ya fi.

Shi ma gogewar da ƙa'idarta. A fara hure ƙurar, sannan a sa tsumma mai laushi irin na tabarau. Goge busasshiyar ƙura da bakin riga na kankare sinadarin da ke jikin gilashin.

In an ga alamar IPX7, ma'anarta na'urar na jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na tsawon minti 30. Wanda ruwa bai shiga ba, da wuya ƙura ta shige shi.

Zafi ma abin lura ne, kuma bai bar manyan kamfanoni ba. A 2015 kamfanin L-3, mai EOTech a lokacin, ya amince ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 25.6 kan zargin sayar mata da madubin saiti da ke kaucewa a tsananin zafi ko sanyi ko laima. Nasu wani nau'i ne na daban mai aiki da leza a ciki, amma darasin ɗaya ne. Garin da zafin watan Maris da Afrilu ke kusantar digiri 40, bai kamata a bar irin wannan kaya cikin rufaffiyar mota ko a kan dutse tsakar rana ba.

Haske da batir

A gwada na'ura a waje da tsakar rana, a auna farin bango. In an kai ƙarshen lambar haske amma ɗigon da ƙyar ake ganinsa, ba zai yi aiki a fili ba. A sake gwadawa da magariba. In mafi ƙarancin haskensa ma yana cika gilashin da ja, zai rufe wa mutum abin da yake kallo.

Yawancinsu na amfani da batir mai siffar kwabo, CR2032, irin na makullin mota, wanda ake samu wajen masu gyaran agogo. Wasu na amfani da batirin tocila ƙarami. Kamfanoni irin su Aimpoint da Holosun na cewa wasu samfuransu na kai awa 50,000 a kan batir ɗaya, wato sama da shekara biyar. Wannan lissafi ne na matsakaicin haske a ɗaki mai sanyi da batir nagari. Ƙure haske da zafin gari da jabun batir duk suna rage shi ƙwarai. A duba kuma inda murfin batirin yake. In a ƙasa yake, sai an kwance na'urar kafin a canza, daga nan kuma sai an sake daidaita saiti.

Batir na iya mutuwa a kowane lokaci, don haka ba a cire saitin ƙarfe na asali, ba a kuma daina koyon amfani da shi.

Laifin ido ne ko na madubi?

Wasu in sun leƙa, maimakon ɗigo zagayayye sai su ga tauraro ko waƙafi ko tarin ƙananan ɗigo. Kafin a zargi mai kaya, akwai gwaji biyu masu sauƙi. A ɗauki hoton ɗigon da kyamarar waya. In ya fito a zagaye a hoto, matsalar daga ido take. Ko kuma a riƙa juya na'urar a hannu ana kallo. In wutsiyar ɗigon na juyawa tare da ita, na'urar ce ta lalace. In wutsiyar ta tsaya a inda take, ido ne.

Abin da ke jawo haka yawanci rashin daidaiton lanƙwasar gaban ido ne, kuma tabarau na gyara shi. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna. Kuɗin awon ido bai kai na madubin ba, ga shi amfaninsa ya shafi karatu da tuƙi da sauran rayuwa. Wanda idonsa ba ya kama launin ja sosai, akwai mai koren ɗigo.

Gane jabu

Manyan kamfanoni irin su Aimpoint da Trijicon da EOTech sun daɗe suna gargaɗi kan jabun kayansu. Da yawa cikin masu arahar da ke intanet an yi su ne don bindigogin wasa masu harba ƙwallon roba. A ido ba su da maraba da na gaske, amma bugun da bindiga ke yi wa kafaɗa in ta tashi yakan girgiza cikinsu, ɗigon ya kauce ba tare da mai shi ya sani ba. Saitin da ya kauce a ɓoye ya fi rashin saiti haɗari, domin mutum na harbi da yaƙinin da ba shi da tushe.

Amurka na sa ido sosai kan fitar da irin waɗannan kaya daga ƙasarta. Duk wanda ya ce yana da na sojan Amurka na asali a kan kuɗin buhun masara, to araha ba ta ado.

Akwai abubuwan da za a iya dubawa tun a hannu. Lambar da ke jikin na'ura ta yi daidai da ta kwali, kuma kamfanin ya tabbatar da ita in an tuntuɓe shi. Maɓallan daidaita ɗigo su riƙa yin ƙas-ƙas a fili in ana murɗawa, ba su yi laushi kamar famfon da ya sure ba. A ɗan bubbuga ta a tafin hannu tana kunne, in hasken ya yi ƙyaftawa, akwai sako-sako a ciki. Sannan a ajiye ta a kan tebur, a auna wani abu mai nisan mita 50, a motsa kai hagu da dama ba tare da an taɓa ta ba. A nagari, ɗigon zai tsaya a kan abin ko ya gusa kaɗan. A maras kyau, zai yi ta yawo.

Gwaji na ƙarshe sai a filin harbi da hukuma ta amince da shi, mai tudun ƙasa a baya. A yi harbi uku zuwa biyar a takarda, a daidaita, a sake. Bayan kwanaki da tafiye-tafiye a koma a gani ko yana nan inda aka bar shi. Bayan gari da gefen ganuwa ba filin gwaji ba ne. Unguwanni sun riga sun tsallake ganuwar, inda a da gona ce yanzu gidaje ne da makarantun allo.

Abin da doka ta ce

Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda asalinta ke komawa 1959, ta kasa su gida uku. Irin na soja haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma hukuncin mallakarsu ba izini bai gaza ɗaurin shekara 10 ba. Bindigogin farauta na zamani sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na gargajiya da ake ɗurawa ta baki suna ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. A 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi saboda yawaitar makamai a hannun jama'a.

Wani abin lura shi ne, cikin waɗanda dokar ta hana ba su lasisi, tare da wanda bai kai shekara 17 ba da mai taɓin hankali, har da mai matsalar gani da ta sa bai dace ya riƙe bindiga ba. Ke nan madubi ba ya maye gurbin lafiyar ido a gaban hukuma.

Shigo da makamai da kayan da suka danganci aikin soja kuma na bukatar takardar izini daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, kwastam na kama abin da ya zo babu ita. Mai lasisin da ke tunanin yin oda ya fara zuwa ofishin 'yan sanda mai kula da lasisi ya tambaya, ya kuma nemi amsa a rubuce. 'Yan sintiri da ke aiki ƙarƙashin hukuma su bi ta hannun shugabanninsu.

Akwai kuma yanayin da ƙasa ke ciki. A yankunan Giwa da Birnin Gwari mutane sun sha wuya a hannun 'yan bindigar daji, jami'an da ke shingayen hanya kuma a ɗarare suke. Bindigar farauta mai madubi a kai tana kama da ta yaƙi a idon wanda ya hango ta daga nesa. Ba a manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, suna kan hanyarsu ta komawa Kano, bayan an ga bindigogin gida a motarsu. Duk abin da zai ƙara wa maharbi kamannin ɗan ta'adda, sai ya auna shi da kyau, ya kuma riƙa tafiya da takardunsa da katin ƙungiyarsa.

Abin da madubi ba ya yi

Yawancin harbin kuskure da ake ji a farauta ba daga kaucewar saiti yake zuwa ba. Mutum ne ya ga ciyawa ta motsa, ko ya haska fitilar goshi ya ga idanu biyu na ƙyalli, ya ja kunama kafin ya tabbatar. Jan ɗigo na ƙara saurin kai bindiga kan abu, kuma sauri a hannun mai gaggawa ƙarin haɗari ne. Abin da sarakunan baka da manyan maharba ke koya wa yaransu bai canza ba: a ga dabba gaba ɗayanta, a san abin da ke bayanta, a san inda kowane abokin tafiya yake tsaye, yatsa kuma ba ya zuwa kan kunama sai an yanke shawara.

Ga mai lasisi, mai bindigar da ke harbi wuri guda, wanda shekaru suka fara taɓa masa ganin kusa, rufaffen madubi na gaske zai iya ƙara masa shekaru a sana'arsa. Ga mai bindigar toka, kuɗin sun fi amfani a wajen likitan ido, da kuma wajen maƙerin da zai duba masa lafiyar bututu kafin kakar farauta ta kama.